Ɗiyata tana son zama malamar sosiyoloji a jami'a, ina neman wanda ya san hanyar

Mushen Adar, daga Tawa, ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni tsohon mushe ne, na yi shekaru masu yawa ina karantar da yara a ƙauyukan Adar kafin in ajiye alli in zauna gida a Tawa. Abin da ya kawo ni gare ku shi ne maganar ɗiyata ta uku, wadda ta gama lisansi a sashen sosiyoloji na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Da ta dawo da takardarta mun yi murna, muna zaton za ta shiga sahun masu neman aiki kamar sauran ƙawayenta, sai ta zaunar da ni da uwarta ta ce ita yanzu karatunta ya soma: tana son ta yi mastar, ta yi doktora, daga baya ta zama malamar jami'a mai koyarwa da bincike a wannan fanni.

Ban ce mata i ba, ban kuma ce a'a ba, domin ban saba yanke hukunci a kan abin da ban fahimta ba. Aikin likita na san shi, na alƙali da na injiniya ma haka, amma idan dangi suka tambaye ni abin da yarinyar take karantawa nakan ce ilimin zaman jama'a, su kuma su ce ai zaman jama'a a gida ake koyonsa, ba sai an ƙetare gada an je Harobanda, inda jami'ar take, ba. Baffanninta da kawunnanta sun rabu biyu. Wasu suna cewa ta karɓi aikin da wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi mata tayi, na shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi, tunda akwai albashi a hannu. Wasu kuma suna cewa ta isa aure, kuma mace mai dogon karatu takan dawo ta tarar sa'o'inta sun yaye na uku. Akwai ma wanda ya ja ni gefe ya ce ya ji an ce wannan ilimi na waɗanda ba su riƙe addini ba ne, kuma maganar ta tsaya mini a rai, duk da ban ga alamar haka a wurin yarinyar ba.

Don Allah waɗanda suka san abin daga ciki su haska mini. Shekara nawa ke gabanta, kuma wa ke ɗaukar nauyin irin wannan karatu? Me malamin sosiyoloji yake yi da yininsa in ban da tsayuwa gaban ɗalibai? Sannan akwai wani ɗan ƙasar nan da ya taso daga karkara ya bi wannan hanya har ya zama abin ambato, wanda zan iya ba baffanninta labarinsa? Ina tuna lokacin da nake yaro ana zuwa garinmu da na'urar ɗaukar murya, a zauna da tsofaffi da maƙera ana ta tambaya har rana ta faɗi, amma ba mu taɓa ganin abin da aka yi da maganganun ba, kuma ba na son ɗiyata ta zama mai kwasar maganar mutane ta tafi da ita ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Tsohon Malami, daga Yamai, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka yanke, domin ɗalibai da yawa da suka bi ta hannuna an yanke musu hukunci a gida ba tare da an san abin da suke nema ba. Na koyar da wannan fanni shekaru da dama kafin in huta, saboda haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

A tsarin da jami'o'inmu suke bi yanzu, lisansi shekara 3 ce, mastar 2, doktora 3, watau shekara 8 bayan bak, jarrabawar gama sakandare, idan komai ya tafi daidai. Ɗiyarka ta ci uku, saura biyar a kan takarda, amma ka shirya wa fiye da haka. Kundin doktora, wanda muke ce wa tez, ba a rubuta shi a ɗakin karatu kaɗai a wannan fanni. Sai mutum ya je ya zauna cikin jama'ar da yake nazari watanni a jere, ya ci abin da suke ci, ya halarci suna da jana'iza da rikicin iyakar gona, sannan ya dawo ya juye maganganun da ya ɗauka zuwa rubutu kalma bayan kalma, ya mayar da su Faransanci, ya ga inda ya bar giɓi, ya sake komawa. Hirar awa ɗaya tana iya cin yini guda wajen juyewa. Idan ta kare kundin gaban malaman da aka naɗa su auna shi, sai ta jira a buɗe gurbin ɗaukar malamai, ta shiga a matakin asistan, daga nan metur-asistan, sai metur-da-konferans, sai cikakken farfesa.

Hawan waɗannan matakai yana bi ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da shugabannin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka amince da kafawa a nan Yamai a 1968, wadda mazauninta yake Wagadugu. Sau ɗaya a shekara kwamitocinta suke zama su duba takardun malamai daga ƙasashe dabam-dabam, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninsu shi ne maƙalolin da mutum ya buga a mujallun ilimi, sannan darussan da ya koyar da ɗaliban da ya ja gaba. Wanda bai rubuta ba ba ya hawa, ko da ya fi kowa iya koyarwa. Wannan ya ba ka amsar tambayarka kan yinin malami: safiya ta aji ce, yamma ta gyaran kundayen ɗalibai, hutun da wasu ke kwana a gida shi kuma yana ƙauye da littafin rubutunsa, dare kuwa na rubuta maƙala ne. Game da kuɗi, akwai burs, watau tallafin karatu na gwamnati, ta hannun hukumar ANAB, wanda ba kowa ke samu ba. Akwai shiga ayarin binciken wani babban malami, wanda ke ɗaukar nauyin tafiye-tafiye. Akwai kuma CODESRIA, majalisar binciken ilimin zaman jama'a ta Afirka, wadda aka kafa a Dakar a 1973, da ta daɗe tana ba masu rubuta tez ƙananan tallafi. Mafi yawan ɗalibai harhaɗa waɗannan suke yi, su ƙara da taimakon gida.

Mutumin da zan ba ka ka kai wa baffanninta shi ne marigayi Diouldé Laya. Bafulatani ne, an haife shi a 1937 a Tamu, cikin ƙasar Sayi. A zamanin karatunsa babu jami'a a Nijar, domin cibiyar da ta zama jami'ar Yamai sai a 1971 aka buɗe ta, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, sunan Abdou Moumouni kuwa sai a 1992 aka sa mata. Duk ɗan Nijar na tsararsa mai son karatu mai zurfi sai ya bar ƙasa, kuma da yawa cikin waɗanda suka dawo ofisoshin gwamnati da siyasa suka haɗiye su, tunda sabuwar ƙasa tana ƙishirwar masu takarda. Shi ya tsaya a bincike. Ya shugabanci cibiyar nazarin ilimin ɗan Adam da yau ake kira IRSH, wadda ta samo asali daga reshen IFAN, cibiyar bincike ta Faransawa a Afirka, da aka buɗe a Yamai a 1944, wanda Boubou Hama ya taɓa riƙewa. Daga 1977 zuwa 1997, shekara ashirin cur, ya riƙe CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da ke nan Yamai, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Allah ya yi masa rasuwa a 2014.

Abin da ya sa nake girmama shi ba muƙaman ba ne. A lokacin da manyan jami'o'in Turai suke ganin abin da ba a rubuta ba bai kai a kira shi tarihi ba, shi da abokan aikinsa sun dage cewa maganar maroƙi da ta tsohuwa da ta makiyayi hujja ce, muddin an bi ta da ƙa'ida: wa ya faɗa, daga wa ya ji, a gaban wa ya faɗa, me zai samu ko ya rasa idan an yarda da maganarsa, kuma me maƙwabtansa suke cewa a kan abin. Kai da ka zauna da malaman zaure ka san wannan ya yi kama da yadda ake bin isnadi kafin a karɓi ruwaya. A 1972 ya tattara littafi a kan wannan hanya ta aiki da tarihin baka, a 1984 ya fitar da wani a kan tafarkin Fulani da zumuncin makiyaya, kuma lokacin da UNESCO ta shirya babban tarihin Afirka, shi aka ba babin ƙasashen Hausa a juzu'i na biyar, mai magana a kan ƙarni na 16 zuwa na 18. Ka gaya wa baffanninta cewa ɗan karkarar Sayi ne ya rubuta wa duniya wannan babi na tarihinmu, kuma da ilimin zaman jama'a ya kai can.

Irin zaman da ka tuna da na'urar ɗaukar murya shi ne ya haifi ayyuka biyu da duk ɗan Adar ya kamata ya sani, waɗanda aka buga a shekara ɗaya, 1975, cikin jerin littattafan bincike na cibiyar IRSH. Ɗaya na Nicole Échard ne, Bafaranshiyar da ta daɗe tana aiki a kan tarihin manoman Adar da maƙeransu da bori. Ɗayan na Djibo Hamani ne a kan Adar kafin zuwan Turawa, kuma sunansa jami'ar Tawa take ɗauke da shi yau. Maganganun ba su ɓata ba, suna nan a rubuce. Jarin ɗiyarka na gaskiya shi ne Hausar Adar da ta sha a nono, da haƙurin zama ta saurari mutum har ya gama. Turawa masu bincike shekaru suke kashewa kafin su samu rabin wannan.

Ɗiyar Zongo, daga Yamai, ta amsa:

Baba, ina gaishe ka da girmamawa, kuma ina gaida Malam da ya riga ni. Ni na bi hanyar da baffannin suke so. Da na gama mastar na karɓi aikin ƙungiya, na yi shekara shida a ciki kafin in koma doktora da ƴaƴa biyu a hannu, saboda haka ina ganin ina da abin da zan ƙara.

Aikin takardun tambayoyi aiki ne na halal, kuma da shi na gina ɗakin mahaifiyata, amma ba shi ne bincike ba. Wani ne a ofis ya riga ya tsara tambayoyin da amsoshin da za a zaɓa, kai naka shi ne ka cika gida ashirin a yini ka hau mota. Mutanen ƙauye kuwa sun san furoje, watau shirin taimako na ƙungiyoyi, fiye da yadda furoje ya san su: da sun ga farar mota sun san amsar da ke kawo buhu, kuma ban ga laifinsu ba. Wata shekara an tura ni duba wani shiri na raba wa mata awaki, wanda aka ce an gina shi a kan habbanaye, al'adar Fulani ta ba ɗan'uwa aron dabba har ta haihu ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Na nemi a bar ni kwana goma a gari guda maimakon yini ɗaya, sai na gano cewa mata da yawa sun sayar da awakin da bazara sun sayi hatsi, kuma duk ranar da masu duba shiri za su zo sai a aro na maƙwabta a ɗaure. Habbanaye na gaskiya yana tsayawa ne a kan zumunci da kunya tsakanin mutum biyu da suka san juna, shirin kuwa ya ɗauki sunan ya bar zumuncin. Na rubuta haka, aka ce in cire domin mai ba da kuɗi ba zai so ya gani ba. Ranar na yanke shawarar komawa jami'a, inda aƙalla abin da na gani zan sa wa hannu.

Idan kana son ganin amfanin wannan ilimi a rayuwar talaka, ka dubi aikin LASDEL, cibiyar bincike da aka kafa a Yamai a 2001, wadda take da reshe a Paraku ta ƙasar Benin. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda aka haifa a Faransa a 1941, ya soma bincike a yankin kogin Kwara tun shekarun 1960, har ya zama ɗan Nijar, da kuma Mahaman Tidjani Alou, masanin kimiyyar siyasa. A 2003 Olivier de Sardan da Yannick Jaffré sun fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a gidajen likita na manyan birane biyar, Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai, a kan yadda ake karɓar marar lafiya. Abin da kowa ya sani a zuci aka rubuta shi da hujja: mai sanayya yana wucewa gaba, baƙo marar kowa yana jira ana yi masa tsawa. Daga irin wannan aiki ne aka fito da bambanci tsakanin dokar da ke rubuce da ƙa'idar da ma'aikata suke bi a zahiri, wadda ba a rubuta ba amma kowa a wurin ya san ta. Da gwamnati ta ce daga 2006 yara ƴan ƙasa da shekara 5 za a yi musu magani kyauta, masu binciken ne suka bi gidajen likita suka nuna cewa jinkirin mayar wa likitoci kuɗinsu yana jawo yankewar magani, har uwa ta koma sayen abin da aka ce kyauta ne. Haka suka bi ƙananan hukumomi bayan zaɓen 2004 suna duba yadda magajin gari da sarki da ƴan kasuwa suke raba iko. Wannan shi ne aikin da ɗiyarka take nema, Baba, kuma ƙasa tana buƙatarsa.

Kasancewarta mace riba ce a wannan fanni. Namiji mai bincike yana tsayawa a zaure ya ji abin da maigida ya ga dama ya faɗa. Ita za ta wuce cikin gida, ta zauna a bakin murhu, ta shiga ɗakin haihuwa. Adar kuwa cike take da tambayoyin da sai mace za ta iya kai wa ƙarshensu. Maza suna tafiya bida Abijan da Libiya da Najeriya, wani ya yi shekaru bai dawo ba. Wa ke riƙe gona, wa ke karɓar kuɗin da aka aiko, matar ko uwar miji ko wan miji? Tun aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita da aka soma a 1984 an ga cewa mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da gina shinge, saboda mazan ba sa nan. Me wannan ya canza a cikin gida? Yarinyar da ta tashi a Tawa ta riga ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Game da aure, ba na ganin sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya, amma a yi maganar a fili tun wurin neman aure, a gaban waliyyai, cewa wannan mace za ta riƙa kwana a ƙauyuka saboda aikinta. Na ga ƙawaye biyu da suka bar tez a tsakiya don ba a faɗi haka da wuri ba. Shawarata ita ce ta wuce mastar yanzu da zafinta, ta riƙa karɓar gajerun ayyukan ƙungiyoyi lokacin hutu don kuɗin aljihu, kada ta sa hannu a doguwar kwangila. Wanda ya saba da albashin furoje da wuya ya koma zaman benci.

Almajirin Sayi, daga Tawa, ya amsa:

Mushe, Allah ya ƙara maka lafiya. Ni na yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Sayi, kuma maganar addinin da aka jefa maka kaɗai zan taɓa. Gaskiya ne kalmar sosiyoloji Bafaranshe ne ya ƙirƙiro ta, Auguste Comte, kuma Émile Durkheim da ya kafa ta a jami'o'in Faransa yana kallon addini ne a matsayin abin da jama'a suka gina. Bai kamata a ɓoye wannan ba, kuma ɗalibin da ya shiga ba tare da tushe ba yana iya rikicewa. Amma ƙarnuka kafin su akwai Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, malamin mazhabar Malikiyya irin tamu, wanda har alƙalancin Malikawa ya riƙe a Masar. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ce ya buɗe wani sabon ilimi na zaman ɗan Adam, ya yi bayanin yadda asabiyya, watau ƙarfin haɗin kan dangi, take ɗaga mutanen daji su kafa mulki, da yadda jin daɗin birni yake sassauta ta har mulkin ya faɗi. Ya kuma zargi masu tarihi da karɓar labari ba tare da sun auna shi da yadda zaman jama'a yake gudana ba.

Wannan ilimi yana bayyana abin da mutane suke yi ne da dalilin yin sa, ba ya ba da fatawa. Wanda ya rubuta yadda ake bori a wani gari bai halatta bori ba, kamar yadda likitan da ya siffanta cuta bai yaba mata ba. Mai wa'azin da ya san abin da ke kawo yawan sakin aure a unguwarsa ya fi amfanar mutane a kan wanda bai sani ba. Ka tabbatar ɗiyarka tana riƙe da karatunta na addini, ka sa ta nemi Muƙaddima ta karanta tare da littattafan Turawa, sauran kuma ka bar wa Allah.

Mai Jiran Tez, daga Yamai, ya amsa:

Baba, ka yi mini afuwa, zan kawo ɓangaren da manyana suka taƙaita. Ina zaune a Yamai amma a wata jami'a ta ƙasa maƙwabciya na yi rajistar doktora, kuma wannan shekarata ta shida. Malamin da ke jagorantata mutumin kirki ne, sai dai ɗaliban da ke hannunsa sun fi ƙarfin mutum ɗaya, babi guda yakan yi watanni kafin ya dawo mini. Yajin aiki ya ci mini shekara, rashin kuɗin tafiya ya ci mini wata. Ina koyarwa na wucin gadi ana biyana da awa, kuɗin kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Masu doktora suna ƙaruwa, guraben ɗaukar malamai kuwa ba sa buɗewa kowace shekara. Ba na cewa a hana ta, domin ni ma da za a mayar da ni baya wannan hanya zan sake bi, amma a gaya mata tun yanzu cewa tana iya kaiwa shekara talatin da wani abu kafin ta ga albashin farko na malamar jami'a, kuma ta zaɓi malamin da zai jagorance ta da natsuwa, ta tambayi tsofaffin ɗalibansa kafin ta sa hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ka faɗa a ƙarshen tambayarka, kuma ina ganin Malam bai ba shi haƙƙinsa ba. Ya ce maganganun tsofaffin Adar ba su ɓata ba, suna nan a rubuce. A rubuce da wane harshe, a ajiye a ina? Da Faransanci, a ɗakin karatu a Yamai, fiye da kilomita 500 daga jikokin waɗanda suka yi maganar. Muna karɓar magana da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, mu juye ta zuwa harshen da masu ita ba sa karantawa, mu buga a mujallar da ko ɗalibanmu ba sa iya saye, sannan a ƙara mana girma a kanta. Malamin da ya yi awa ɗaya a rediyon ƙauye yana bayyana wa manoma abin da ya gano a kan rikicinsu da makiyaya, wannan awa ba ta da nauyin maƙala ɗaya a takardun hawa mataki.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Ɗana, ka faɗi gaskiya, kuma na karɓi gyaran. Ni kaina akwai garin da na yi wata bakwai a ciki, sai bayan shekaru na koma da abin da na rubuta, na tarar rabin waɗanda suka ba ni magana sun rasu, kuma har yau abin yana damuna. Ma'aunin hawa mataki ba zai canza da wuri ba, amma babu dokar da ta hana mai bincike ya tara mutane a ƙofar sarki ko a tsakar gida ya karanta musu abin da ya fahimta da harshensu kafin ya buga. Waɗanda suka yi haka sun san cewa a nan ake kama kuskure, domin tsohuwar da ka yi wa mummunar fahimta ba za ta yi shiru ba. Mushe, idan za ka sa wa ɗiyarka sharaɗi, wannan ka sa mata.

Mushen Adar ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na karanta amsoshinku sau biyu, na kuma karanta wa uwarta da babban baffanta bayan sallar isha'i. Labarin Diouldé Laya ya sa baffan ya yi shiru, maganar Ibn Khaldun kuma ta kwantar da hankalin wanda ya ja ni gefe, ko da yake ya ce sai ya tambayi malaminsa. Maganar shekaru da ɗana Mai Jiran Tez ya kawo ita ce ta fi yi wa uwarta nauyi, kuma ban ɓoye wa yarinyar ko kalma ɗaya daga ciki ba. Ta saurara har ƙarshe ta ce ta ji, tana nan a kan bakanta.

Mun amince ta nemi gurbin mastar a wannan shekara. Na sa mata sharaɗin da Malam ya faɗa, na ƙara da nawa: kafin a koma karatu za ta je garinmu ta yi wata guda wurin gwaggonta, wadda mijinta da ƴaƴanta maza uku duk suna bida, ta zauna ta saurara, ta rubuta mini shafi goma da Hausa, ni kuma in karanta wa gwaggon a gabanta mu ji ko ta yarda da abin da aka rubuta a kanta. Ɗiyar Zongo, idan ba damuwa, ina so ki faɗa mana takardun da ake haɗawa wajen neman mastar da watan da ake karɓarsu, domin ƙanenta zai sauka Yamai mako mai zuwa kuma ina son ya tafi da su.